Abin da ke hana tsofaffin kwamfutoci tashi a cibiyoyin koyon jarrabawa na Zamfara

Duk lokacin da jarrabawar JAMB ta gabato, cibiyoyin koyon kwamfuta a Gusau da Tsafe da Bungudu kan cika da ɗalibai, wasunsu ba su taɓa riƙe linzami ba. Tun daga 2015 hukumar ta koma yin jarrabawar gaba ɗaya a kan kwamfuta, tana kuma neman cibiyar da za ta amince da ita ta mallaki aƙalla 250.

Ƙananan cibiyoyi galibi na hannu suke saye, irin Dell da HP da aka gama cin moriyarsu a Turai da Amurka. Idan faifan ajiya ya mutu, wasu masu gyara kan haɗa kwamfutocin da waya zuwa wata babba da ake kira saba, kowace ta riƙa ɗauko manhajarta daga can. Ranar da tsarin ya cije, ɗalibin da ya biya kuɗin mota daga ƙauye zai wuni yana kallon baƙin allo.

Yadda abin ke aiki

Ana kiran tsarin PXE. Kamfanin Intel ne ya ƙirƙiro shi, samfurinsa na 2.1 ya fito a 1999. Da an kunna kwamfuta sai ta nemi adireshi ta hanyar DHCP, a faɗa mata sunan fayil ɗin da za ta tashi da shi, ta jawo shi daga saba ta hanyar TFTP.

Mutane da dama kan ɗora laifin a kan sabis, musamman a jihar da aka katse layukan sadarwa a Satumbar 2021. Amma wannan tsarin ba ya buƙatar intanet. Tsakanin kwamfutocin ɗakin abin ke gudana, don haka matsalar ma tana cikin ɗakin.

Karanta lambar da ke allo

Kwamfutar kan faɗi inda ta tsaya. PXE-E61 na nufin ba ta ga waya ba: ko ɓera ya ci ta, ko kanta ya saki, ko ƙurar hunturu ta cika ramin. A fara gwada wayar kwamfutar da ke aiki.

PXE-E51 kuma na nufin ta nemi adireshi ba a amsa ba. Ko dai ba a jira saba ta gama tashi ba bayan an kawo wuta, ko na'urar rarraba layi ce ke jinkirin kusan daƙiƙa 30 kafin ta buɗe hanya, tsohuwar kwamfutar ta gaji da jira.

PXE-E53 ita ta fi wahalar da masu gyara: an samu adireshi, babu sunan fayil. Sau da yawa wani ne ya jona rauta domin a samu intanet, ita ma ta shiga raba adireshi, kwamfutar ta saurare ta maimakon saba. A cire rautar ko a kashe DHCP ɗinta.

Idan PXE-E32 ce, fayil ɗin ne bai iso ba, sai a duba ko garkuwar saba ta toshe TFTP.

Batiri da tsufa

Akwai ɗan batiri mai kama da kwabo, CR2032, da ke riƙe saitin kwamfuta. Idan ya mutu, duk sanda aka ɗauke wuta sai ta manta cewa ta waya aka ce ta tashi, agogonta ma ya koma baya.

Haka nan tsofaffin na amfani da BIOS ne, sababbi kuma UEFI, fayil ɗin ɗaya ba ya tada ɗaya. Ɗakin da aka gauraya su sai an tanadi biyun. Manhajar iPXE, wadda kyauta ce, ana iya sa ta a filasha ta tada kwamfutar da nata tsarin ya tsufa.

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma na neman TPM 2.0, abin da yawancin waɗannan kwamfutoci ba su da shi. Cibiyar da ba ta da kuɗin sababbi za ta iya komawa Linux marar nauyi, ta kuma ajiye batira da wayoyin canji kafin ɗalibai su fara zuwa.