Kafin Ka Sa Ƙwai Mai Ƙarfi, A Duba Maka Wayar Fitila

Duk direban da ya taɓa gangara Hawan Kibo da dare, ko ya taso daga Mararrabar Jama'a zuwa Bukuru cikin hazon Disamba, ya san fitilu iri biyu da ke tsinka wa mutum zuciya. Akwai wadda ta yi ja ta dushe, ba ka ganin motar sai ta zo daf da kai, wani sa'in ma ido ɗaya gare ta, ka zaci babur ne ashe bas ce. Akwai kuma farar nan fat mai ratsin shuɗi, wadda ke kashe maka ido ta bar ka cikin duhu bayan ta wuce. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, don haka makantar daƙiƙa uku tafiyar mita sittin da 'yan kai ce ba ka ganin gabanka. Sau da yawa kuma ta biyun 'yar ta farkon ce: fitila ta dushe, mai mota ya gangara kasuwar Dilimi ya ce a ba shi ƙwai mai ƙarfi.

A galibin lokuta ƙwan ba shi da laifi, wuta ce ba ta isa gare shi yadda ya kamata. Idan inji na aiki, batir lafiyayye yana nuna tsakanin bolt 13.8 da 14.4 a mita. Wannan wutar sai ta bi ta fiyus, ta bi ta makunni, ta ratsa mahaɗai da soket kafin ta kai ga ƙwai, sannan ta koma ta wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen mota. Duk inda aka sami tsatsa ko sako-sako, wani abu ya zube a hanya, kamar ruwan famfo a tsohon bututu. Ƙwan halojin kuwa ba ya yafiya. Idan ya rasa kashi 10 cikin ɗari na wutarsa, haskensa yana raguwa da kusan kashi 30. Bolt ɗaya da rabi kacal ke nan, amma a kan titi bambancin ya isa ya ɓoye maka mai tafiya a ƙasa.

A nan Jos matsalar ta fi saurin zuwa. Damina kan kai daga Afrilu zuwa Oktoba, ga laima da raɓa, ga motocin Beljiyam waɗanda wasunsu sun sha gishirin titunan Turai kafin su iso. Ka cire soket ɗin fitilar tsohuwar mota ka haska da wayarka: za ka ga ƙarafan ciki sun yi kore ko fari-fari, robar ta yi baƙi a gefe ɗaya. Wannan baƙin alamar zafi ce, wutar da ya kamata ta zama haske ce ta ƙare a nan. Gwajin ba shi da wuya. Mai rewaya ya kunna inji da fitila, ya auna a kan batir, ya sake aunawa a bakin ƙwai. Idan tazarar ta haura rabin bolt, akwai aiki a waya. Mai rewayar da ya miƙo maka sabon ƙwai bai ɗauko mita ba, ka ce masa, "Malam, a fara aunawa tukuna."

Alamomin ma kan faɗi inda ciwon yake. Fitila ɗaya ta dushe ɗayar lafiya lau, ko ka kunna sigina ka ga fitila na lumshewa tare da ita, to a nemi wayar jikin mota, a kankare tsatsar a ɗaure tamau. Duka biyu sun mutu lokaci guda, da wuya ƙwai biyu su ƙone tare, a duba fiyus da rili da makunni. Idan kuwa kowane 'yan makonni sai ka sayi ƙwai, a auna cajin altaneta, domin wutar da ta kai bolt 15 tana cinye ƙwai, tana kuma dafa batir. Kada a taɓa gilashin ƙwan halojin da yatsa, maiƙon hannu yana gajarta masa kwana.

Sai murfin fitilar kansa. Na motocin yanzu roba ce, rana kuma tana mayar da ita rawaya ta yi dishi-dishi. Jos tana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200, kuma zafin hasken rana a kan roba ya fi ƙarfi a tudu ko da gari na sanyi. Goge murfi da kyau kan dawo da haske fiye da sabon ƙwai.

Yanzu ga inda gobara ke shigowa. Ƙwan H4 da yawancin tsofaffin motocinmu ke ɗauka wat 60 ne a ful, 55 a dim, kowanne yana jan kusan amfiya 5. A kan wannan lissafin kamfani ya zaɓi kaurin waya da soket da makunni. Ƙwai mai 100/90 yana jan kusan amfiya 8, kuma zafin da waya ke yi ba ƙaruwar kai-tsaye yake yi ba, ya fi ninki biyu. Soket ya narke, makunnin sitiyari ya fara wari, fiyus ya tsinke. Nan ne ake tafka babban kuskure. Maimakon a tambayi dalilin tsinkewar, sai a sa mai 30 a gurbin mai 10, ko a naɗa silin waya, ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli. An yi fiyus ne don ya mutu a madadin mota. In aka hana shi, waya ce za ta ƙone a bayan dashbod, inda hannu ba ya kaiwa.

Gyaran da nake ganin ya fi kowanne riba shi ne sa rili. Ana jawo waya mai kauri daga batir, a sa mata fiyus kusa da kan batir ɗin, ta shiga rili biyu, ɗaya na dim ɗaya na ful, daga nan ta zarce ƙwai. Tsohon makunni ya huta, aikinsa kawai ya ba rili umarni. Da ƙwan nan naka na 60/55 za ka ga haske ya dawo. Sai dai a kula da wayar kasuwa: akwai wadda alminiyom ce aka yi wa fentin tagulla, in ka kankara da wuƙa za ka ga fari a ciki. A kuma guji murɗa waya biyu a naɗe da salatif, ruwan Agusta ɗaya ya ishe ta. Motocin zamani masu kwamfuta kuwa, kada a yanka musu waya sai wanda ya san tsarinsu.

Batun LED fa? Ba a ƙi ci gaba ba, motar da ta zo da shi daga kamfani haskenta tsaf yake. Matsalar ita ce cusa ƙwan LED ko HID a cikin gidan da aka ƙera don halojin. Madubin ciki an lanƙwasa shi ne daidai da wani ɗan siririn zare da ke wuri guda. Da an canja wurin da hasken ke fitowa, sai ya watsu sama da gefe. Direba yana ganin gabansa fari tas yana murna, alhali nesa ba ta ƙaru ba, na gabansa kuma ya makance. Cikin hazo ko ruwan sama ma hasken kan dawo masa ido. A irin wannan yanayi dim ake bi, ba ful ba.

Saiti kuwa kyauta ne. Ka tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, ka auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, ka yi alama a bangon. Iyakar hasken dim ta sama ta faɗi ƙasa da alamar da kimanin santimita 10. Yawancin fitilu an rubuta 1.0% ko 1.2% a jikinsu, ma'anarsa ke nan. Ka kuma lura da ɓangaren da hasken ya ɗaga. Tun 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, don haka fitilarmu ta dama take ɗagawa, wajen gefen titi. Fitilar gwanjo da aka ciro daga motar Japan ko Ingila ta hagu take ɗagawa, wato cikin idon mai zuwa, kuma babu saitin da zai gyara ta. Jami'an kiyaye haɗurra, waɗanda aka kafa hukumarsu a 1988, da 'yan VIO suna da hurumin tsayar da kai a kan fitila mara kyau.

Masu babur suna da nasu. Ko da yake tun zamanin Gwamna Jonah Jang aka hana acaba a cikin Jos da Bukuru, babur na nan a hannun masu zuwa gona da kasuwannin ƙauye. Ƙananan babura da yawa, ƙwansu 35/35 ne, kuma daga kwayil ɗin inji yake shan wuta kai-tsaye, shi ya sa haske ke ƙaruwa in an murɗa totur. Sa musu ƙwai mai 55 dusashewa yake ƙarawa, don kwayil ɗin ba shi da abin ba shi. LED kuma sai ya yi ta ƙyaftawa ko ya mutu, in ba wanda aka yi don irin wannan wutar ba ne. Idan ƙwai na ƙonewa da an ba da wuta, regileta ce ta lalace. Idan fitila na ɗaukewa in an karya kan babur, a buɗe wayoyin da ke wuya, a nan suke gogewa su tsinke ta ciki alhali robarsu lafiya. Masu Keke Napep da ke jera fitilun ado da rediyo a kan waya ɗaya, kowane ƙari a ba shi nasa fiyus ɗin.