Tara Kuɗin Gina Zauren Al'umma a Ƙauye: Tsakanin Zakka, Sadaka da Waƙafi

A garuruwa da dama na karkarar ƙasar Hausa, ƙungiyoyin ci gaban gari kan yi niyyar gina zaure na gama-gari, inda za a riƙa karatun manya da dare, a yi sulhu tsakanin masu husuma, a ɗaura aure idan damina ta hana zama a fili. Sau da yawa akan tara kuɗi, a kai gini linta, daga nan aiki ya tsaya shekara da shekaru. Akan ɗora laifin a kan talauci, kuma talaucin gaskiya ne. Amma akwai tambayar da ake tsallakewa tun farko, wadda rashin amsa ta ke haifar da yawancin rigingimun da ke biyo baya: kuɗin da ake tarawa, mene ne sunansa a shari'a?

Shin zakka za ta shiga ginin?

Abin da ya fi saurin zuwa zukatan 'yan kwamiti shi ne zakkar hatsi. Manomin karkara da kaka yake da abin hannu, kuma wanda amfaninsa ya kai nisabi, wato ausuƙi biyar, zai fitar da ɗaya bisa goma idan da ruwan sama ya noma. Sai a ga kamar a tattara buhunan nan a sayar a sayi siminti.

Mazhabobin nan huɗu ba su yarda da haka ba. Aya ta 60 cikin Suratut Tauba ta iyakance zakka ga sinfi takwas, kuma jamhurun malamai sun fassara sinfin nan na tafarkin Allah da jihadi da abin da ya rataya da shi. Littattafan Malikiyya, ciki har da Muhtasar na Shaihu Halil da ake karantawa a zaurukanmu, sun bayyana cewa ko ganuwar da za ta kare gari ba a gina ta da zakka, balle ɗakin taro. Gaskiya ne akwai ra'ayi mai faɗaɗawa. Fahruddin Arrazi ya hakaito a tafsirinsa, daga Alƙaffal, cewa wasu malaman fiƙihu sun shigar da dukkan ayyukan alheri, kuma a ƙarni na 20 Rashid Rida da Mahmud Shaltut sun karkata ga shigar da maslahohin jama'a. Yusuf Alƙardawi ya tsaya a tsakiya: ya shigar da cibiyoyin da'awa inda Musulunci ke bukatar kariya, bai buɗe ƙofar ga kowane aikin gayya ba.

A ganina ra'ayin jamhur ya fi dacewa da halin ƙauyukanmu, ko da an ajiye batun bin mazhaba gefe. Buhun geron da aka karkatar zuwa gini, daga bakin gwauruwa da maraya aka ɗauke shi, su ne kuwa za su shiga watan Agusta rumbu ba komai. Zaure yana iya jira zuwa kaka mai zuwa, mai jin yunwa ba zai iya ba.

Abin da ya rage ke nan shi ne sadakar ganin dama da waƙafi, wanda Malikiyya suka fi kira hubusi. Wannan ƙofa tana da faɗi. Hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito ya ƙidaya sadaka mai gudana cikin abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Sayyidina Umar ya tsare asalin gonarsa ta Haibara ya sadaukar da amfaninta bisa shawarar Annabi (SAW), Sayyidina Usman kuma ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmin Madina.

Fili kafin tubali

Matsala mafi girma a fili take. Dattijo yakan tashi a masallaci ya ce ya ba da fegi saboda Allah, a yi kabbara, a watse. Ba a auna ba, ba a rubuta ba, shi kuma ya ci gaba da shuka gyaɗarsa a wurin kafin a tara kuɗi. Idan ya rasu a wannan hali, magada suka ce filinsu ne, a mazhabar Maliku su ke da gaskiya. Dalili shi ne hubusi da kyauta ba sa cika sai da hauzi, wato abin ya fita daga hannun mai bayarwa kafin mutuwa, ko cutar ajali, ko karayar arziki, su riske shi. Idan kuwa a cikin cutar ajali ya bayar, hukuncin wasiyya ke hawa kansa, ba zai wuce sulusin dukiyarsa ba sai da yardar magada.

Saboda haka aikin farko na kwamiti shi ne karɓar filin a zahiri: a kafa iyaka, mai shi ya ɗauke hannunsa, a rubuta takardar waƙafi gaban shaidu adalai, a ambaci abin da aka tsare wurin dominsa da wanda zai zama naziri. A Nijeriya akwai ƙarin mataki, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar mallaka ta al'ada a kan filayen da ba na birni ba. Ya kyautu takardar ta fita da sunan amintattun ƙungiya masu rajista, kada ta fita da sunan shugaban kwamiti, komai amanarsa, don shi ma yana da magada. Ya ishe mu abin koyi cewa Annabi (SAW) bai karɓi filin masallacinsa kyauta daga marayun nan biyu na Banu Najjar ba, saye ya yi, ya biya.

Taron gidauniya da alkawuran da ba a cikawa

Al'adar ƙaddamar da gidauniya, inda ake gayyato 'yan asalin gari mazauna birni a riƙa shelar abin da kowa ya bayar, tana da fuska biyu. Bayyana sadaka halal ne, aya ta 271 cikin Suratul Baƙara ta yabe shi ko da ta fifita ɓoyewa, kuma ganin wani ya bayar yana zaburar da wani. Aibin yana zuwa ne idan mai shela ya kira sunan mutum ya tsare shi da lasifika har sai ya faɗi adadin da ba shi da niyya. Imam Algazali ya yi bayani a Ihya'u cewa abin da aka karɓa daga mutum don kunyar idon jama'a bai halatta ga mai karɓa ba, domin babu daɗin rai a ciki. Haka batun yanka wa kowane gida kaso. Idan masu gida sun zauna sun amince, ba laifi, amma hana wanda ya kasa biya shiga zauren, ko ƙaurace wa hidimarsa, zalunci ne.

Irin wannan matsi shi ke haifar da alkawuran baki, a sanar da miliyoyi, a tattara abin da bai kai rabi ba. A nan Malikiyya suna da magana mai ƙarfi. Mashhurin mazhaba shi ne alkawari yana zama dole idan an rataya shi ga wani dalili, kuma wanda aka yi wa ya shiga ɗawainiya saboda shi. Alhaɗɗab ya keɓe littafi guda kan mas'alolin ɗaukar wa kai nauyi. Wanda ya ce a fara gini kwanon rufi na wuyansa, kwamiti kuma ya ci bashi bisa maganarsa, bai da damar zamewa a tsakaninsa da Allah. Ko alƙali zai tilasta masa, malamai sun yi saɓani idan wanda aka yi wa sadakar ba ayyanannen mutum ba ne. Mafita mai sauƙi ita ce kada a ƙulla yarjejeniya da magini sai a kan kuɗin da ya shigo hannu.

Kada kuma a raina gudummawar da ba kuɗi ba. Kwanon dawa, jigilar yashi da amalanke, da ranar gayya da matasa za su buga tubali, duk a rubuta su da ƙimarsu kamar yadda ake rubuta naira.

Ma'aji amintacce ne a hukunci, ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Ranta wa wani kuɗin gini, ko juya shi a kasuwa ba da izinin masu bayarwa ba, ƙetare iyaka ne, ko da da kyakkyawar niyya. Neman ya kawo lissafi kuma ba zargi ba ne. Annabi (SAW) ya yi wa Ibnul Lutbiyya lissafi da ya dawo daga karɓar zakka, ya kuma hana shi riƙe abin da ya ce kyauta aka yi masa. Karanta shiga da fita a bainar jama'a bayan sallar Juma'a, ko da sau ɗaya a wata, yana kashe jita-jita tun ba ta yi ƙarfi ba. Kuɗin da aka tara da sunan zaure kuwa ba a mayar da shi ga gyaran masallaci ko taimakon mara lafiya sai an koma ga masu shi, domin sharaɗin mai bayarwa abin kiyayewa ne.

Sauran abin da akan manta shi ne rayuwar ginin bayan an buɗe shi. Rufi zai yi yoyo, mai gadi zai nemi haƙƙinsa. Magabata sukan haɗa masallaci ko makaranta da wani waƙafi mai kawo kuɗi, kuma shaguna biyu ko uku a jikin katanga, ta ɓangaren kasuwa, za su iya ɗaukar wannan nauyi. Malikiyya sun halatta waƙafin kuɗi da na ƙayyadadden lokaci, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi ma ta tabbatar da halaccin waƙafin kuɗi a zamanta na Maskat a 2004. Don haka manomin da ba zai iya rabuwa da gonarsa har abada ba yana iya tsare amfaninta na shekara biyar domin zauren, bayan wa'adin ta koma gare shi ko ga magadansa.