Yadda A Ke Cire Filash Daga Kwamfuta

Yaron da ya saba zuwa kasuwar Bagudo, ko ta Tsamiya can bakin iyakar ƙasar Binin, lalle ya ga masu shagon nan da ke zuba wa mutane karatu da wa'azi da waƙoƙi a cikin wani ɗan abu wanda bai fi tsawon yatsa ba. Sunansa filash. Maƙwabtanmu na Binin, da ya ke da Faransanci su ke karatu, su kan ce da shi "kile", watau mabuɗi. A shekarar 2000 aka fara sayar da shi, na farkon kuwa megabayit 8 kaɗai ya ke ɗauka, abin da bai wuce waƙa biyu ba. Yanzu akwai mai ɗaukar littattafai dubbai, ga shi kuwa a aljihu a ke jefa shi kamar goro.

A cikinsa akwai 'yan ɗakuna masu ɗimbin yawa, ƙanana ƙwarai, har ido ba ya ganinsu. Kowane ɗaki yana iya riƙe 'yar wutar lantarki kaɗan, da ita a ke yin rubutun. Filash ba shi da batir. In an soka shi a jikin kwamfuta, daga gare ta ya ke shan wuta, da an zare shi kuwa sai aiki ya tsaya nan take. Abin da aka gama rubutawa yana nan, ba ya gogewa. Wanda ba a gama ba, shi ne abin jin tsoro.

Mu ce ana lodin jirgin ruwa a Lolo, a bakin kogin Kwara. An tara buhunan shinkafa a gaɓa, 'yan dako suna shigar da su ɗai ɗai, malamin jirgi kuma yana rubuta mai kowane buhu da wurin da aka ajiye shi. To, in matuƙi ya yi gaggawa ya tura jirgi tun ba a gama ba, me zai faru? Waɗansu buhuna su zauna a gaɓa, wanda ke kan ɗan dako ya faɗa ruwa, takardar malami kuma ta tsaya rabi.

Haka kwamfuta ta ke yi. Wani lokaci ta kan tara abin da aka ba ta a cikinta tukuna, sa'an nan ta riƙa tura shi cikin filash kaɗan kaɗan. Kai kana tsammani ta gama, alhali kuwa da saura. Filash kuma yana da tasa takardar, inda a ke rubuta sunan kowane aiki da ɗakunan da ya ke ciki. In aka fizge shi ana cikin gyara takardar nan, ɓarnar ta fi ta buhu ɗaya. Kayan suna ciki, amma kwamfuta ba ta san inda su ke ba. Ku dubi wahalar malamin da ya kwana uku yana rubuta sakamakon jarrabawarku, ya je a buga masa, aka ce babu kome a ciki!

Saboda haka, in ka gama aiki, sai ka fara rufe duk abin da ka buɗe daga cikin filash. In yana da 'yar fitila, ka jira ta daina ƙyaftawa. Sa'an nan ka duba ƙasan allon kwamfuta, wajen dama, kusa da agogo, za ka ga alamarsa. Ka danna ta, ka zaɓi kalmar "Eject", ko "Éjecter" in kwamfutar ta Faransanci ce. Ma'anarta kana sallama ke nan. Kwamfuta za ta ƙarasa tura abin da ya rage, ta gaya maka ka cire. In ta ce ana aiki da shi tukuna, kada ka yi gardama, ka nemi abin da ka bari a buɗe.

Gaskiya ne tun ƙarshen shekarar 2018 kamfanin Microsoft ya gyara Windows yadda ba ta cika tara kaya a gaɓa ba. Amma ba kowace kwamfuta ce sabuwa ba, sabuwar ma ba ta ceton wanda ya fizge ana tsakiyar zubawa.

In tsautsayi ya riga ya auku, kwamfuta ta kan tambaya ko a wanke filash ɗin. Kada ka yarda, gama wankin zai sa nemo aikinka ya ƙara wuya. Kada kuma ka zuba wani sabon abu a ciki, don kada ya hau kan tsohon. Ka sallame shi, ka kai wa mai gyara, sau da yawa ya kan iya tsamo waɗansu. Aikin da ka san ba ka iya rasa shi kuwa, tun yau ka ajiye kwafinsa a wuri biyu, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a filash.