Yadda wata gundumar Amurka ke fafutukar kawo ƙarshen mace-mace a kan tituna kafin 2030

A watan Disambar 2022, mazauna arewacin Bethesda a Gundumar Montgomery ta Jihar Maryland suka wayi gari da wani sabon fasali a titin Old Georgetown. Titin da aka saba gani da layuka shida na motoci ya koma huɗu, an ware layi ɗaya a kowane ɓangare domin masu keke, an kakkafa sandunan roba a tsakani. Ba a daɗe ba dubban mutane suka sa hannu a takardar koke suna neman a mayar da titin yadda yake, saboda cunkoson da suka ce ya ƙaru.

Abin da ya kai hukuma ga wannan mataki kuwa rashin rayuka ne. A 2019 wani matashi ɗan shekara 17 ya rasu a titin, a watan Yunin 2022 kuma wani ɗan shekara 18 ya bi sahu. Dukansu biyu suna tuƙa keke ne a kan siririyar hanyar masu ƙafa da ke manne da kwalta, suka faɗa cikin titi, mota ta buge su.

Wannan taƙaddama ta fito da ainihin matsalar da gundumar ke fama da ita. Montgomery, mai mutane sama da miliyan ɗaya, tana maƙwabtaka da birnin Washington, kuma galibin manyan titunanta an shimfiɗa su ne a zamanin da babban burin injiniyoyi shi ne mota ta wuce da sauri. Daga baya gidajen haya, shaguna, makarantu da tashoshin bas suka cika gefen waɗannan tituna, jama'a suka riƙa tsallaka layuka shida da ƙafa domin kama bas ko zuwa kanti.

A 2016 majalisar gundumar ta amince da manufar Vision Zero, a ƙarshen 2017 kuma aka fitar da shirin aiki na farko, tare da burin kawar da mace-mace da munanan raunuka a kan tituna nan da 2030. Manufar ta samo asali ne daga ƙasar Sweden, inda majalisar dokoki ta amince da ita a 1997. Tushenta shi ne cewa ɗan Adam ajizi ne, direba zai yi kuskure, mai tafiya a ƙasa ma zai yi, don haka nauyi ne a kan masu tsara titi su gina shi ta yadda kuskuren ba zai ci rai ba. Gudu shi ne kan gaba a lissafin, domin yawanci mutumin da mota ta buga tana gudun mil 20 a awa yakan rayu, wanda ta buga tana gudun mil 40 kuwa da wuya ya tsira.

Tun kafin wannan shiri, gundumar ce ta fara kafa kyamarorin kama masu gudun wuce sa'a a Maryland, a 2007, a unguwanni da kewayen makarantu. Kyamarar na ɗaukar hoton motar da ta haura ƙa'ida da mil 12 ko fiye, a aika wa mai ita takardar tara. Binciken da cibiyar IIHS ta kamfanonin inshora ta gudanar ya nuna cewa kyamarorin sun rage yiwuwar haɗari ya kai ga mutuwa ko mummunan rauni da kashi 19 cikin 100.

A 2023 majalisar ta ƙara da dokar da shugabanta na lokacin, Evan Glass, ya jagoranta. Dokar ta hana direba juyawa dama alhali danja na kunne a cibiyoyin garuruwa masu cinkoson jama'a, ta kuma tanadi a bai wa masu ƙafa 'yan daƙiƙoƙi su fara tsallakawa kafin a saki motoci, domin mai shan kwana ya hango su tun suna tsakiyar titi. A shekarar ce kuma aka amince da babban tsarin hanyoyin masu tafiya a ƙasa na gundumar baki ɗaya.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Titunan da suka fi cin rayuka, irin su Georgia Avenue, Veirs Mill, University Boulevard da Rockville Pike, mallakar jiha ne, kuma hukumar manyan hanyoyi ta Maryland ce ke da ta cewa a kansu. Gunduma na iya nazari, ta ba da shawara, ta matsa lamba, amma rage gudu ko kafa danja a waɗannan tituna sai da amincewar jiha. Mazaunin da ya kai ƙorafi ofishin gunduma sau da yawa yakan ji an ce masa titin ba nasu ba ne.

Koke-koken mazauna ma ba iri ɗaya ba ne. A unguwannin masu hali irin na Bethesda, abin da ya fi damun jama'a shi ne tsawon lokacin da suke ɓatawa a hanya, da kuma direbobin da ke kauce wa cunkoso su kutsa cikin lungunan unguwa inda yara ke wasa. Irin wannan saɓani ya daɗe a kan titin Little Falls Parkway, wanda aka rage layukansa daga huɗu zuwa biyu a mahaɗarsa da hanyar keke ta Capital Crescent, bayan mota ta kashe wani dattijo mai keke a wurin a 2016. A yankunan Wheaton da Aspen Hill kuwa, inda baƙin haure da masu ƙaramin ƙarfi da ke dogaro da bas suka fi yawa, buƙatar ita ce fitilun dare, hanyar masu ƙafa da kuma wurin tsallakawa kusa da tasha. Nazarin gundumar kansa ya nuna cewa munanan haɗurra sun fi taruwa a irin waɗannan yankuna, alhali mazaunansu, da yawansu masu aikin dare, ba kasafai suke samun halartar tarukan jin ra'ayi ba.

Har yanzu gommai na mutane ke rasa rayukansu a titunan gundumar kowace shekara, kuma wa'adin 2030 na ƙara matsowa. A titin Old Georgetown dai hukumar jiha ta bar layukan keken a inda suke duk da koken da aka yi, yayin da masu adawa da masu goyon baya ke ci gaba da kai ƙorafinsu gaban majalisa.