Ko Kun Sani? Dutsen da aka hango kafin ya faɗo

Mai hira a ƙofar gida a Albarika ta Parakou, ko a Zongon Djougou, in ya ga wuta ta gilma a sama da dare yakan ce tauraro ya tsinke. Galibi tsakuwa ce daga sararin samaniya take ƙonewa a iska. Wani lokaci kuwa dutse ne sosai. Ranar 3 ga Oktoba 1962 wani mai nauyin kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami, ƙasar Katsina, dab da wani manomi. Bincike ya nuna daga duniyar Mars ya ɓalle. Babu wanda ya ga zuwansa.

Sai a 2008 aka fara hango irin wannan dutse kafin ya faɗo. Daren 6 ga Oktoba, Richard Kowalski na shirin Catalina a Arizona ta Amurka ya lura da wani ɗigon haske yana matsawa tsakanin taurari a hotunan madubin hangen nesa. Haka ake kama irin waɗannan duwatsu: a ɗauki hoton wuri guda sau da yawa, abin da ya gusa shi ake bi. Masana suka yi lissafi, suka ce dutse ne, kuma arewacin Sudan zai faɗa. Da asubar washegari kuwa ya tarwatse a saman hamadar Nubiya.

Ɗaliban Jami'ar Khartoum ne suka jeru cikin rairayi suna tsintar ɓaraguzansa, kusan guda 600. Aka sa musu suna Almahata Sitta, wato Tasha ta Shida, sunan tashar jirgin ƙasa da ke kusa.