Cakulan Na Ramewa, Kwali Na Nan Yadda Yake

Duk wanda ya saba shiga kasuwar hatsi ya san tauye mudu: a buge gindinsa ya lotsa ciki, a auno maka a cike har da tozo, amma ka je gida ka tarar awon bai kai ba. Irin wannan dabarar ce manyan kamfanonin cakulan na duniya suka runguma. Maimakon su ƙara kuɗi kowa ya gani, sai su rage nauyin kaya, su bar kwali da launinsa da girmansa yadda ido ya saba.

A shekarar 2016 kamfanin Mondelez ya rage cakulan ɗin Toblerone da ake sayarwa a Birtaniya daga giram 170 zuwa 150, babban kuma daga 400 zuwa 360. Tsawon kwalin bai canja ba. Abin da aka yi shi ne faɗaɗa giɓin da ke tsakanin 'yan tsaunukan cakulan ɗin, don haka sai ka yage takarda kake ganin wawulon da aka bar maka. Jama'a suka yi ca, har a 2018 kamfanin ya dawo da tsohuwar siffar.

A Jamus ma, a 2025, an rage cakulan ɗin Milka daga giram 100 zuwa 90, farashi kuma ya tashi daga Yuro 1.49 zuwa 1.99. A ido ƙarin bai taka kara ya karya ba, amma in aka auna da nauyi, ya ɗan haura kashi 48 cikin ɗari. An dai sirantar da cakulan ɗin ne kaɗan, ledar kuwa kusan tana nan yadda take. Cibiyar kare haƙƙin masu saye ta birnin Hambog ta maka kamfanin da ke yin sa a kotu.

Kamfanonin na kafa hujja da tsadar koko, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ghana da Kodebuwa ne ke noma fiye da rabin kokon duniya, kuma cutar itatuwa da sauyin yanayi sun karya amfanin gona, har farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a 2024. Ba wanda ya ce ɗan kasuwa ya sayar a faɗi. Laifin shi ne ɓoye ƙarin. Sun san mai saye na riƙe farashi a ka, amma da wuya ya tuna giram nawa ya saya bara. Sabon nauyin kuwa ana rubuta shi da ƙananan baƙaƙe a gefe, don a ce ba a yi ƙarya ba.

Shi ya sa tun daga 1 ga Yulin 2024 Faransa ta wajabta wa manyan kantuna liƙa sanarwa ta wata biyu a jikin kanta duk lokacin da kaya ya ragu farashinsa ya hau.

Kafin irin wannan doka ta game ko'ina, mai saye shi ne mai gadin aljihunsa. Kada girman kwali ya ruɗe ka. Juya shi ka duba nauyin, ka raba kuɗin da giram, ka gwada da na wani kamfanin. Haka za ka yi da sabulu da madara da biskit, domin su ma ba su tsira ba.