Rashin Tattara Hankali da Tsoron Ƙi a Soyayyar Matasa

Akwai wata larura da likitoci ke kira ADHD a taƙaice. Mai ita ba ya iya tattara hankalinsa wuri ɗaya, ba ya natsuwa, kuma yakan yi abu kafin ya yi tunani. Wani likitan yara na Ingila, George Still, ya bayyana alamunta a shekarar 1902. A littafinta na 2013, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ce larurar tana shafar kimanin kashi 5 cikin 100 na yara da kashi 2.5 na manya, kuma alamun kan fara kafin shekara 12. Galibi gadonta ake yi, ba rashin tarbiyya ke kawo ta ba.

Yaro mai wannan larura yakan tashi cikin shan faɗa. Ya manta aike, ya ɓatar da littafi, ya katse maganar manya. A hankali sai ya riƙa zaton kowa zai ƙi shi.

Idan ya kai munzalin neman aure, wannan zato yakan bi shi. Saurayi ya manta ranar zance, budurwa ta ɗauka raini ne. Ita kuma in ta yi jinkirin amsa saƙo, sai ya ce ta daina sonsa. Daga nan ko ya yi fushi, ko ya dame ta da kira, ko ya janye jiki tun ba a kore shi ba. Haka ma abin yake ga mata.

A 1996, Geraldine Downey ta Jami'ar Columbia da Scott Feldman sun nuna cewa masu yawan tsoron ƙi suna saurin ganin ƙiyayya inda babu ita. Wani bincikenta na 1998 ya nuna soyayyarsu ta fi saurin mutuwa. Wato tsoron da kansa ke jawo abin da ake gudu.

Larurar tana da magani, irin su methylphenidate, amma likita ne kawai zai ba da shi bayan bincike. Shawarar masana halayyar ɗan Adam ma tana taimakawa. Akwai kuma ƙananan dabaru: rubuta alkawari, saita ƙararrawar waya, da yin tambaya kafin yanke hukunci. Idan masoyi ya san mantuwar larura ce, ba wulaƙanci ba, zai fi iya haƙuri, mai larurar kuma ya rage tsoro.